Wata takwas muna sa hannun shiga aiki da lokeshan ɗin waya

Littafin rajistarmu na da yana nan a durowata. Bangonsa ya sha siminti, shafukansa sun kumbura saboda ruwan da ya taɓa dukansa. In ka buɗe kowace Litinin za ka ga abin da ya fitar min da shi daga rai: sunaye biyar a jere, biro ɗaya, hannu ɗaya, kowanne an rubuta masa 7:30. Mutum biyar ba sa rubuta bakwai iri ɗaya. Na san haka, heluman wurin ya san na sani, su ma sun san ya sani, amma ranar biya ba wanda zai iya dafa littafi ya ce ga wanda ya zo da ƙafarsa, ga wanda aka zo masa.

Aikina kula da ma'aikata ne a wani madaidaicin kamfanin gine-gine. Lokacin da muka fara wannan gwaji muna da mutum 43 a wurare uku: birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi, masu walda biyu, leburori da masu gadi. Ni kuwa jiki ɗaya gare ni. In na yi sammako a wuri na farko, kafin in kai na uku rana ta take, kowa yana bakin aikinsa kamar tun asuba yake nan. Shi ya sa da maigidanmu ya kawo maganar manhajar da ma'aikaci zai sa hannu ta wayarsa, ita kuma ta duba inda yake tsaye a lokacin, ban yi musu ba. Ba zan faɗi sunanta ba, tunda zan taɓo aibinta, kuma ire-irenta sun yi yawa, kusan duk tafiyarsu ɗaya ce. Biya ake yi duk wata gwargwadon yawan mutanen da ka saka.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ni mai kula ina buɗe taswira a kwamfuta, in ɗora alama a tsakiyar filin aiki, in zana da'ira kewaye da shi, in faɗi faɗinta da mita. Ma'aikaci ya iso da safe, ya kunna lokeshan, ya buɗe manhaja, ya danna shiga. Wayar ta faɗi inda take, manhaja ta auna ko cikin da'ira ne ko waje. In ciki ne sunansa ya yi kore a wurina. In waje ne, ko dai ta hana shi sam, ko ta karɓa ta shafa masa ja, ya danganta da yadda na saita. Da yamma haka zai yi wajen tashi. Saita wuraren uku da shigar da sunaye bai ci min awa biyu ba, kuma a wannan kam na yaba musu. Ko wanda karatunsa bai yi nisa ba yana gane madanni ɗaya babba a tsakiyar waya.

Kuskuren farko nawa ne. Na zana da'irar da faɗin mita 30 daga tsakiya, don ina ganin ƙunci shi ne tsanani, tsanani kuma shi ne gaskiya. Ranar farko, bakwai da rabi ba ta yi ba wayata ta fara ruri. A wurin da nake tsaye kuwa, ɗaya daga masu waldarmu ya tako har gabana, gilashinsa a goshi, ya miƙo min waya.

“Oga, ga ni ga ka, amma wai ina waje.”

Na karɓa na duba. Shuɗin ɗigon nan da ke nuna mutum ya tsallaka titi ya je ya zauna a kan rufin wani gini da ba namu ba. Muna kallo ya ja jiki ya dawo bakin titi, ya tsaya, ya sake komawa. A ƙasan taswirar akwai wani ɗan rubutu da ban taɓa kula da shi ba: 48. Mita arba'in da takwas ke nan wayar ke cewa za ta iya kuskurewa. Da'irata mita 30, kuskuren waya mita 48. Ashe gardamar tun daga ofis na shirya ta.

Wannan ne ya sa na zauna na fahimci abin da waya ke yi in an ce ta faɗi inda take, kuma duk wanda zai sayi irin wannan manhaja ya kamata ya san shi kafin ya taɓa kuɗin kowa. Tsarin da waya ke gane wurinta da shi ana kiransa GPS, kuma na Amurka ne. Taurarin ɗan'adam ne, aƙalla 24, a nisan kusan kilomita 20,200 sama da mu, kowanne yana zaga duniya sau biyu a rana yana ta shelar lokaci da inda yake. Waya ba ta aika musu komai, sauraro kawai take yi. Tana auna tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, ta mai da shi nisa, in ta samu huɗu sai ta fitar da wurinta. Saƙon da saurin haske yake tafiya, don haka in aka kuskure lissafin lokaci da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an kuskure wuri da mita 300. Da na ji wannan sai na daina jin haushin mita 48. Wayoyin yanzu ba su tsaya ga na Amurka kaɗai ba, suna jin GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin, shi ya sa suka fi na da saurin kamawa. A fili fetal, sama a buɗe, waya takan faɗi wuri da kuskuren da bai wuce mita biyar ba. Kafin watan Mayun 2000 ma da gangan Amurka ke dagula saƙon da farar hula ke ji, kuskure ya kai kusan mita 100.

To amma filin gini ba fili fetal ba ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Saƙon da ya taho daga nisan kilomita dubu ashirin a gajiye yake isowa. Dakin, wato rufin siminti da ake zubawa tsakanin hawa da hawa, yana tare shi, rufin kwano yana tare shi, tarin rodi da bangon dogon gini suna sa ya yi tsalle ya iso ta bayan gida. In ya bugi bango kafin ya shigo waya hanyarsa ta ƙara tsawo, wayar kuwa ba ta san ya biya ta wani wuri ba, sai ta lissafa kamar kai tsaye ya zo, ta jefa ka ƙetaren titi. Mai waldan nan tsakanin gininmu mai hawa huɗu da katangar maƙwabta yake tsaye, sama kaɗan ce a kansa. Da na ce ya matsa tsakiyar fili ya ƙirga talatin, 48 ta sauko ta koma 7.

Daga baya na ga cewa su kansu masu Android, a bayanin da suke yi wa masu ƙera manhaja, sun ba da shawarar kada irin wannan da'ira ta gaza mita 100 zuwa 150. Kamfanin da ya sayar mana bai faɗa min ba, akwatin kawai suka ba ni in rubuta lambar da na ga dama. Yanzu wurare biyu suna kan 120, na uku da ke tsakanin dogayen gine-gine yana kan 150. Ƙorafin safe ya ragu sosai. Abin da na biya a madadin haka shi ne mutum yana iya sa hannu tun yana bakin titi bai shigo ƙofa ba. Na yarda da wannan cinikin. Wanda ya iso mita ɗari daga aiki ai ya zo.

Akwai wata matsala da ta ci mana kwana uku kafin mu gano ta. Mutum biyu kullum ja, kullum wayarsu tana ajiye su can wata unguwa, kuma ɗigonsu ba ya motsi. Ashe lokacin da manhajar ta nemi izini sun zaɓi ta san wurinsu a ƙiyasce ne kawai. Wayoyin iPhone sun samu wannan zaɓi a 2020, na Android a 2021, kuma abu ne mai kyau ga mai son sirrinsa. Sai dai in ka zaɓe shi, waya ba ta ba manhaja ainihin inda kake, yanki guda take ba ta mai faɗin kilomitoci. Manhajar tamu ba ta ce musu ga abin da za ku gyara ba, “kana wajen wurin aiki” kawai take rubutawa. Layi ɗaya na bayani da ya hutar da mu.

Duk waɗannan ƙanana ne a kan abin da ya faru da dattijon da ke mana gadin dare a wuri na biyu, wanda kowa ke kira Baba. Shekararsa shida da mu, ban taɓa zuwa da dare na tarar ba ya nan ba. A wata na biyu na ba akawu umarnin ya bi rahoton manhaja wajen lissafin kwanaki. Rahoto ya nuna Baba ya yi ja sau tara, akawu ya cire masa kwana tara. Ban duba ba, na sa hannu a takardar biya da mutum arba'in da wani abu a kanta na wuce.

Washegarin biya ya same ni a gindin motata. Bai ɗaga murya ba. Ya cire hularsa ya riƙe, ya gaishe ni, ya tambayi iyali, sannan ya ce, “Yallaɓai, ko akwai laifin da na yi ne ba a faɗa min ba?”

Na ce, “Baba, wane irin laifi?”

Ya ciro takardar daga aljihu, an ninke ta huɗu, ya nuna min da yatsa. Kunya ta rufe ni, don tun kafin in bincika na san ba fashi ya yi ba. Na ce ya ba ni zuwa yamma.

Shida saura na koma. Ɗakin gadin namu kwantena ce ta ƙarfe da aka fasa wa ƙofa da taga ɗaya. Na ce ya nuna min yadda yake yi. Ya zauna a bencinsa a ciki, ya ciro waya daga leda, ya danna da babban yatsa a hankali kamar mai tsoron kar ta fashe. Ja. Na karɓa na duba taswira: ta kai mu wajen mita 700, kusa da wani turken sadarwa, kuma ɗan rubutun nan na ƙasa yana cewa 900. A cikin akwatin ƙarfe waya ba ta jin tauraro ko ɗaya. In ta rasa su sai ta koma kan abin da ya rage mata, wato Wi-Fi na kusa in akwai, in babu sai turakun sabis, ta yi kirdado. Muka fito taku biyar daga ƙofa, muka tsaya ba mu ce komai ba kamar daƙiƙa arba'in, ɗigon ya yi tsalle ya dawo kan kwantenar. Kore.

Na tambaye shi me ya sa sau tara kawai. Ya ɗan yi tunani ya ce, “Ranar da ake ruwa a ciki nake yi.” Na koma na duba ranakun, haka ne. Ba hadari ne ya tare saƙon ba, gajimare bai cika damun GPS ba. Ruwa ya kora shi ciki, ƙarfe ya yi sauran.

An mayar masa da kuɗinsa a satin, na kuma ba shi haƙuri a gaban heluma, don a gabansa aka ji an yanke. Laifin sa hannu ba dubawa nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma akwai rabon manhajar a ciki, kuma shi ne babban abin da nake riƙe da ita da shi har yau. Ta san lambar nan. Duk lokacin da mutum ya danna, waya tana ba ta wuri tare da girman kuskuren da zai iya kasancewa. A Android ma'anar lambar ita ce akwai yiwuwar kashi 68 cikin ɗari mutum yana cikin wannan tazara, ka ga ko ita ba rantsuwa ba ce. Wanda aka gani a nisan mita 700 da kuskuren 900, gaskiyar magana ba a san inda yake ba. Wanda aka gani a nisan kilomita shida da kuskuren mita 8, wannan yana kan katifarsa. A rahoton wata da akawu ke bugawa, su biyun ja iri ɗaya ne. Sai ka bi kowane layi ka buɗe shi ɗaya bayan ɗaya kafin ka ga lambar. Launi na uku kawai ake buƙata, mai cewa ba tabbas, a tambayi mutum. Na rubuta musu sau biyu. Amsar farko godiya ce, ta biyu ita ce ta farkon aka sake turowa.

Sai maganar masu wayo, don na san ita mai sayen manhaja ya fi son ji. Tun a ƙarshen shekarun 1880 da wani Ba'amurke mai suna Willard Bundy ya ƙera agogon buga lokacin ma'aikata, dabarar aboki ya buga wa aboki take bin kowace na'ura. Tamu ma ba ta tsira ba. Manhajar tana ɗaure kowane suna da waya ɗaya, ba za ka shiga da sunan wani a wayarka ba. To me zai hana ka ba maƙwabcinka wayar ya tafi da ita? A wata na farko heluma ya ga wani lebura a bayan tarin bulo da waya uku a hannu yana dannawa bi da bi. Bayan nan muka kunna ɗaukar hoton fuska lokacin shiga. Manhajar ba ta tantance fuskar da kanta a tsarin da muke biya, ajiye hoton kawai take yi, amma sanin cewa akwai hoto ya wadatar. Nakan zaɓi rana ɗaya a sati in bi hotunan ina shan iska. Akasarinsu hanci ne da goshi da sararin sama, amma ana gane mutum.

Na biyun ya fi burge ni. A wayoyin Android akwai wani ɓoyayyen sashe da aka tanada don masu ƙera manhaja, inda za ka iya naɗa wata manhaja ta riƙa faɗa wa waya wurin ƙarya. An yi shi ne don gwaji, amma kowa na iya buɗe shi. Android takan yi wa irin wannan wuri lamba cewa na bogi ne, kuma tamu tana dubawa. Ta kama mutum ɗaya a sati na uku, ta hana shi shiga, ya zo yana cewa waya ta lalace. Wani yaro kuma, lebura ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya wuce ta ba ta gani ba, don an taɓa cikin wayarsa an kwance mata ƙulli. Abin da ya tona shi tsabta ce. Ina bin layukan da na saba bi tun bayan abin Baba, sai na ga lambobin wurinsa iri ɗaya sak har kwana goma sha ɗaya, har lamba ta shida bayan ɗigo. Lamba ta shida ɗin nan tazarar kusan santimita 11 ce a ƙasa. GPS na gaske rawa yake yi. Ko ka kafa waya a kan dutse ka danna sau goma, sau goma za ta ba ka lamba daban. Mutumin da ya taka sawu ɗaya kwana goma sha ɗaya, bai taka komai ba.

Na kira shi na juya masa kwamfutar. Ya kalla ya kalla, ya sosa ƙeya.

“Wa ya koya maka?”

“Oga, a intanet na gani.”

Zuwa yana zuwa, makara ce matsalarsa. Yakan sa hannu daga gida bakwai da kwata, ya iso wajen tara. Na cire masa awannin, na ba shi takardar gargaɗi. Manhajar da ke da duk waɗannan lambobi a cikinta ya kamata a ce ita ta lura, ba ni da idona ba.

Abin da ba ta gani sam shi ne tsakanin shiga da fita. Mutum zai iya yin kore da safe, ya zame da hantsi, ya dawo da la'asar ya yi kore. Masu manhajar suna da maganin wannan, kuma sun yi ta tallata min shi: a kunna bibiya, waya ta riƙa aiko da wurin mutum duk bayan 'yan mintoci har a tashi. Maigida ya so, ni na ƙi, kuma na ji daɗi da ya bar min. Dalilin farko caji ne. GPS a kunne yini guda yana shanye batir, kuma yawancin mutanena wayoyinsu sun kwana biyu. Na biyu, wayar tasu ce, datar tasu ce, ba kamfani ya saya musu ba. Na uku kuwa wani kafinta ne ya faɗe shi tun ranar da na tara su ina bayani. Ya ɗaga hannu ya ce, “Oga, in na tashi ma tana bina har gida?” Aka yi dariya, amma kowa ya kasa kunne. Na karɓi wayarsa na nuna musu inda za su zaɓi manhaja ta ga wurinsu sai lokacin da take buɗe kawai, zaɓin da Android ta kawo tun 2019. Na ce kowa ya sa haka, in ta nemi fiye da wannan a ƙi. Da na kunna bibiya da ba zan iya faɗin wannan maganar ba. Ba a banza dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta lissafa bayanan wuri cikin abubuwan da ake gane mutum da su ba. Inda mutum ke zuwa bayan aiki ba hurumina ba ne, kuma ba na son ya zauna a kwamfutar wani kamfani da ban san wa ke buɗe ta ba. Wanda ya zame da rana aikin heluma ne ya gani. Bulo nawa aka ɗora ma yana faɗa.

Kar a ce ban faɗi alherinta ba, don yana da yawa. Lissafin ƙarshen wata da ke cin mu kwana biyu ni da akawu, muna ƙura wa rubutun hannu ido, yanzu wuni ɗaya bai cika ba an gama, har da bin jajayen layukan. Gardamar “na zo” da “ba ka zo ba” ta mutu a mafi yawan lokuta. Abin da ban zata ba shi ne yadda masu gaskiya suka karɓe ta. Ranar zuba dakin mukan kai dare, kuma a zamanin littafi awannin nan na ƙari sukan ɓace tsakanin mantuwar heluma da gajiyar akawu. Yanzu mutum ya danna fita ƙarfe tara da minti goma na dare, a cikin da'ira, da hotonsa fuska duk siminti, ba mai ce masa ƙarfe shida ya tashi. Wani birkila da ya fi kowa ƙin manhajar da farko, shi ne yanzu yake tuna wa yaransa su danna kafin su wanke hannu.

Tana aiki ko babu sabis, wannan ma abin yabo ne, don wurinmu na uku sabis ɗinsa sai an hau bene. GPS ba ya buƙatar data. Manhajar takan ajiye sa hannun a waya, in an samu intanet ta tura. Sai dai ba data waya takan yi nawa wajen kamawa, don bayanan hanyoyin taurari da takan sauko da su ta intanet cikin ƙiftawar ido, dole ta tsaya ta saurare su daga sama, su kuwa a hankali suke zuwa. Rabin minti ne in an yi sa'a, wani lokaci mintoci. Mai gaggawa ya danna kafin ta kama sai ya yi ja. Abin da ya sa na yi fenti a ƙasa ke nan a kowane wuri, farin zagaye a inda sama ta fi buɗewa, na ce nan ne wurin sa hannu, a tsaya sai lambar ƙasa ta sauko ƙasa da 20. Gwangwanin fenti ɗaya ya yi mana abin da saƙonni biyu zuwa kamfanin ba su yi ba.

Mutum shida cikin namu ba su da babbar waya. Su muka ajiye wa waya ɗaya a hannun heluma, mai ɗaukar sunaye da yawa, kowa da lambarsa ta sirri da hotonsa. Yana aiki, amma a gane cewa a nan an koma ga amanar heluma, don wayar kullum tana cikin da'ira. Wani abu kuma da na so: in na gyara wa mutum lokaci da hannuna, manhajar tana rubuta cewa ni na gyara, da ranar, da dalilin da na bayar, kuma ba na iya gogewa. Wannan kariya ce gare su daga ni, kariya ce gare ni daga zargi.

Da wa'adinmu ya cika maigida ya tambaye ni ko a sabunta, na ce a sabunta. In mutanenka a ofis ɗaya suke, ƙarƙashin rufi, kana ganinsu, ba ka buƙatarta, za ma ta fi ba ka ciwon kai, don cikin gini ne inda ta fi rauni. In kuwa a warwatse suke kamar nawa, ta cancanci kuɗinta, muddin ka buɗa da'irarka, ka kunna hoto, ka bar bibiya a kashe, ka kuma saita ta ta karɓi sa hannun waje ta yi masa alama maimakon ta hana. Doka ɗaya na kafa wa akawu a rubuce bayan abin Baba: ba a cire wa kowa ko awa ɗaya saboda ja sai an buɗe layin an ga lambar kuskure, an kuma kira mutumin an ji ta bakinsa.

Na sayi sabon littafi ma, ƙarami, na ajiye a kwantenar kowane wuri, don wanda wayarsa ta mutu ko ta faɗa ruwa ko ta ƙi kamawa. Shi zai rubuta da hannunsa, heluma ya sa hannu a gefe. Na wuri na biyu, watan jiya layi huɗu ne a ciki. Uku na Baba ne, duk a daren ruwa. Na ce masa kar ya ƙara fitowa cikin ruwa saboda waya.